Kafin ki sayi ɓeran masar, ki ƙirga shekarun da suka rage miki a makaranta

Wannan rubutun zai ɗan yi tsawo, wadda datarta ta kusa ƙarewa ta ajiye shi sai dare.

Tunda aka dawo wannan zangon na lura da wani sabon yayi a tsakanin ɗalibai, musamman mu mata da ke zaune a wajen makaranta, ta nan Agbowo da kewaye. Kowa so take a ganta da ɓeran masar. Ki buɗe WhatsApp, hoton wata ne ta ɗora shi a kafaɗa. Ki leƙa Instagram, wata ce ta ɗaura masa ribom a ka tana taje shi. Da yake an san ina da su tun 2022, cikin sati biyu mutum bakwai suka tambaye ni, kuma tambayar iri ɗaya ce: nawa ne, a ina zan samu, wane iri ya fi kyau a hoto. Ba wadda ta tambaye ni shekara nawa yake yi a duniya. Amsar ita ce biyar zuwa bakwai, wani ma ya kai takwas in ya samu kulawa. Ke kuma kina aji uku. To kin ga inda zancen zai dosa.

Bari in fara da sunan, don shi ya fara jawo min magana a gida. Mu Hausawa muna ce masa ɓeran masar, alhali ko hanyar Masar bai sani ba. Sunan da Turawan Ingila suka ba shi, in an fassara, aladen Gini ne, shi kuwa ba alade ba, ba ɗan Gini ba. Faransawa suka ce aladen Indiya. Jamusawa suka ce ɗan aladen teku. Kowa dai ya jingina shi da wata ƙasa mai nisa ya huta. Asalinsa Kudancin Amurka ne, tsaunukan Andes, wajen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda mutane suka shafe dubban shekaru suna kiwonsa. Can sunansa kuy, kuma nama ne, ana gasa shi ana ci kamar yadda muke yi da zabo. Bayan da Sifaniyawa suka ci yankin a ƙarni na 16 ne 'yan kasuwa suka kai shi Turai, ya zama abin wasan masu kuɗi. Ranar da ƙanina ya karanta wa Umma sunansa na Turanci a waya, sai ga kira: "Ke, alade kike kiwo a garin mutane?" Sai da na kwashe minti ashirin ina bayani cewa dangin su beguwa da gafiya ne, masu haƙoran gaba na gwaguya. Ta ce to gafiyar ce ta fi? Na yi shiru.

Ni ban sayi nawa ba, gado na ci. Ranar 14 ga Fabrairun 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, aka ce na gargaɗi ne, sati huɗu. Yarinyar da ke ɗakin da ke kallon nawa ta haɗa jakarta, ta kawo wa mai gidanmu wani kwalin indomi da ɓeraye biyu a ciki, ta ce don Allah a riƙe mata, sati biyu za ta yi ta dawo. Mai gidanmu tsohuwa ce Bayarabiya, Mama muke ce mata, ga ciwon gwiwa. Ni kuma ban tafi gida ba, saboda daga Ibadan zuwa Funtuwa kuɗin mota ba wasa ba ne, kuma kullum ana cewa gobe za a janye, sai na zauna ina koyon ɗinki wajen gwaggona a Sabo. Kwana uku da tafiyar yarinyar Mama ta ƙwanƙwasa min ƙofa da kwalin a hannu, gindinsa ya jiƙe sharkaf. Ta ce, "Omo mi, waɗannan abubuwan kuka suke min da dare, ke ce mai karatun dabbobi, ki san yadda za ki yi da su."

Kun san yadda ta kaya. Sati huɗu ya zama wata takwas, sai 14 ga Oktoba aka janye. Mai ɓerayen ba ta dawo ba har yau, na ji an mayar da ita wata jami'ar kuɗi. Sau ɗaya ta turo saƙo tana tambayar "jariranta", daga nan ɗif. Ba na zaginta, yarinya ce ta ga abu ya burge ta ta saya, kuma ba ita ta kira yajin aiki ba. Amma da ba na gidan, da a kwalin nan za su ƙare, kuma duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san labarin matar da ta kulle mage.

Na sa musu suna Gyaɗa da Toka. Dukansu mata ne, wannan kuma sa'a ce babba, zan zo kan dalilin.

Yanzu maganar iri, tunda ita ce ta fi damunku. Su Gyaɗa irin gama-gari ne, masu gajeren gashi kwantacce, wanda masu sayarwa ke kira ɗan Amurka. Shi ne wanda za ki gani a kasuwa cikin kejin waya kusa da masu zomo, fari da ja da baƙi a jiki ɗaya. Ba ya buƙatar taza, ba ya buƙatar aski, in ya yi datti shi ke gyara kansa. Yawancin na kasuwanninmu ma gauraye ne, ba wani tsantsar iri, kuma ni a wajena hakan ba aibi ba ne, sun riga sun saba da iskar ƙasar nan tun kaka da kakanni.

Akwai ɗan Habasha, wanda ake rubutawa Abyssinian. Shi ma sunan aro ne, ba shi da haɗi da Habasha. Gashinsa a murɗe yake gida-gida kamar tsakiyar kan jariri, wajen takwas zuwa goma a jikinsa, sai ki gan shi kamar wanda ya tashi daga barci bai duba madubi ba. Suna da rawar kai, sun fi sauran ƙiriniya. In mutum ya nace sai ya sayi mai ado, ni wannan zan nuna masa, don gashin bai da tsawon da zai zame masa masifa. Akwai kuma Tedi, mai gashi gajere a tsaitsaye kamar burushi, shi ma da sauƙi, sai dai fatarsa kan bushe.

Sai wanda ya haukata ku, ɗan Peru, Peruvian. Gashinsa kan wuce santimita 30, ya zubo ta gaba ya rufe fuska, har sai ya motsa kafin ki gane ina kai ina baya. Ƙaninsa shi ne Silki, wanda nasa gashin ke kwantawa baya kamar an shafa mai. Akwai Texel, mai dogon gashi a nannaɗe. Wallahi suna da kyau, ban musa ba. Amma duk hoton da kika gani, ki sani wani ya zauna ya taje dabbar nan kafin a ɗauka, kuma gobe ma sai ya taje. In aka yi kwana uku ba a taje ba gashin ya cukurkuɗe, na ƙasan ya sha fitsari, ƙuda ya bi, daga nan sai tsutsa. Ke da satin jarabawa ko naki kan ba kya samun tsefewa, ki gaya min gaskiya wa zai taje ɓera.

Na ƙarshe shi ne marar gashi kwata-kwata, sai ɗan tsiro a hanci da ƙafafu, kamar ƙaramar dorina. Asalinsa daga wani ɗakin gwaje-gwaje ne a Montreal ta Kanada, a 1978, aka haifi wasu haka, daga baya masu kiwo suka yaɗa irin. Wata ta ce min ai shi ya dace da mu tunda ba zai ji zafi ba. Fatarsa ba ta jure rana, ba ta jure cizon sauro, ba ta jure sanyin asuba na hunturu, kuma yana cin abinci fiye da sauran don ya riƙe ɗumin jikinsa. Ki bar shi a hoto.

Abin da ya sa nake tsananta maganar gashi shi ne zafi. Dabbar tsauni ce wannan. Yanayin da take so tsakanin digiri 18 ne zuwa 24, in ya doshi 30 ta shiga haɗari, kuma ba ta yin gumi balle ta huce. Ku da kuke Ibadan kun san watan Fabrairu da Maris kafin ruwa ya sauka, rana ta wuce 33, iska ta tsaya cak, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, an ɗauke wuta tun safe. Bara wata 'yar ajinmu ta sayi ɗan Peru a wajen wani mai talla a intanet, kuɗin da ta biya ya kusa na cefanena na wata. Mutumin bai gaya mata komai ba sai "ki ba shi karas". Ranar wata Talata ta kulle ɗaki ta tafi lakca tun ƙarfe takwas, taga a rufe saboda ɓarayi. Ƙarfe huɗu ta kira ni tana kuka. Na same shi a miƙe, bakinsa a jiƙe da yawu, yana numfashi sama-sama. Muka shafa masa ruwa a kunnuwa da ƙafafu, muka yi ta fifita, kafin mu samu keke zuwa asibitin dabbobi ya tafi. Sati biyar ya yi a hannunta. Da ta koma wa mai tallan, cewa ya yi akwai wasu sababbi sun iso, ko tana so.

Ni abin da nake yi lokacin zafi ba wani abin kuɗi ba ne. Kejin na ƙasa, a lungun da rana ba ta kaiwa. Na samo fasasshen tayil guda biyu na shimfiɗa musu, suna kwanciya a kai su baje kamar an yi musu duka. In an samu wuta na daskarar da ruwa a gorar roba, in naɗe ta da tsohon ɗankwali in ajiye musu a gefe. Akwai wata fasasshiyar tukunyar ƙasa da Mama za ta yar, na karɓa na kife musu, ina yayyafa mata ruwa da rana. Toka ta fi son tukunyar nan da komai a duniya.

Sai abinci, kuma a nan ne karatuna ya yi min rana. Yawancin dabbobi jikinsu na haɗa bitamin C da kansa. Akuya na yi, kare na yi, zomo na yi. Ɓeran masar ba ya yi, kamar dai ni da ke, sai ya ci a abinci kullum. Wannan ne ma ya sa ya shiga tarihin likitanci. A 1907 wasu likitoci biyu a Norway, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ciyar da ɓerayen masar hatsi zalla, sai suka ga sun kamu da irin ciwon nan da ke kashe matuƙan jirgin ruwa a da, dasashi na jini, gaɓoɓi na kumbura. Suka ba su ɗanyen ganye, suka warke. Wannan gwajin ne ya share hanyar gano bitamin C daga baya. Kafin su ma, Robert Koch ya yi aiki da wannan dabbar a binciken da ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Shi ya sa har yau in Bature ya ce an mai da shi ɓeran masar, yana nufin a kansa ake gwaji. Ranar da malaminmu ya kawo wannan a aji, ni kaɗai ce nake murmushi, don na baro biyu a ɗaki suna cin tattasai.

To ki duba abin da ɗalibai ke ba su: dusa, burodi, biskit, ragowar shinkafa, abincin kaji. Duk babu bitamin C a ciki. Sati biyu zuwa uku sai ki ga dabba ta fara ɗingishi, gashi ya tashi, ta daina ci, a ce wai iska ce ko an yi mata baki. Abin da take buƙata shi ne ciyawa, ciyawa mai yawa, dare da rana kada ta yanke. Haƙoranta guda 20 ne kuma ba sa daina tsiro har ta mutu, tauna ciyawa ce ke goge su. In babu, haƙoran ciki su yi tsawo su danne harshe, dabba ga abinci a gabanta ta mutu da yunwa. A Kudu Allah ya hore ciyawa, amma ba ta bakin titi ba, ba kuma inda aka yi feshin maganin ciyawa ba, wanda yanzu ko'ina ana yi. Ni bayan gidanmu nake yanka, inda na san ba a fesawa, in shanya wata in adana saboda rani. Bayan ciyawa sai ganye da kayan lambu: tattasai, wanda ya fi lemo bitamin C, ɗan yankin gwaiba, kokwamba, ganyen karas, ganyen dankalin Hausa, kabeji kaɗan don yana kumbura musu ciki. Karas ɗin da kowa ke ambata zaƙi ne da shi, na marmari ne. Albasa, tafarnuwa, fiya, ganyen dankalin Turawa da ɓawonsa mai kore, waɗannan ko kusa. Kuma in kika gan shi ya sunkuya yana cin kashinsa kada ki yi ihu, wani kashi ne na daban mai laushi da yake sake ci don ya samu sauran amfanin abincin, haka aka halicce shi.

Wannan neman ganyen shi ya haɗa ni da mutanenmu na kasuwar Bodija, kuma in zan faɗi gaskiya yana cikin abin da na fi ƙaruwa da shi. Shekarata ta farko a garin nan in ba gidan gwaggo na je ba, sai in yi sati ban yi Hausa da kowa ba. Ranar da na fara zuwa wajen masu kayan gwari na ce a ba ni ganyen karas da ɓawon kabejin da za a zubar, wani dattijo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "'Yar nan, in yunwa ce ki faɗa, ba a jin kunyar wannan." Na ce Baba ba ni ba ce, ɓeraye ne. Aka yi ta dariya har rumfa ta uku. Tun daga ranar sunana ya koma uwar ɓeraye. Duk Asabar leda na jirana, wani lokacin har da tattasan da ya ɗan motse, wani lokacin da tumatir "na uwar, ba na 'ya'yan ba". Lokacin da Umma ta kwanta asibiti, ta hannun direban da ke kawo wa Baban nan kaya na aika saƙo gida.

Abu na gaba don Allah ku riƙe shi ko da kun manta sauran. Kada ki je kemis ki sayo maganin mutane ki ba shi. Mu nan ƙasar komai ya samu dabba sai a fasa kafso ja da baƙi a zuba a ruwa. Dangin fenisilin, su amfisilin da amoksisilin da abin da muke kira amfikulos, guba ne ga ɓeran masar. Suna kashe ƙwayoyin cikinsa masu amfani, miyagun su samu fili, gudawa ta ɓarke, cikin 'yan kwanaki an gama. Na san mutum biyu da suka rasa nasu ta wannan hanyar, kuma duka da kyakkyawar niyya suka ba da maganin. In ya yini bai ci abinci ba, wannan ba abin a jira gobe ba ne, likitan dabbobi za a nufa, don dabba ce mai ɓoye ciwo, kafin ki gani a fuska ya yi nisa. Ki sa wannan kuɗin a lissafinki tun yanzu.

Na ce sa'a ce da nawa suka zama mata. Wani ɗan ajinmu ya sayi mace da namiji, wai don kada su yi kaɗaici. Cikinsu wata biyu ne da 'yan kwanaki, tsakanin kwana 59 zuwa 72. Jariran kan fito da gashinsu, ido a buɗe, haƙora a baki, ranar ma suna gudu, abin sha'awa wallahi, kamar an rage girman uwar ne kawai. Amma uwar na iya ɗaukar wani cikin cikin awoyi da haihuwa, ɗan namiji kuma tun yana wajen sati uku zuwa huɗu ake raba shi da uwarsa da 'yan uwansa mata, in ba haka ba shi ma ya shiga layi. Kafin shekara ta zagayo yaron nan yana da goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya, abokin zamansa ya kwashe katifarsa ya gudu. Akwai kuma wani haɗarin: macen da ba ta taɓa haihuwa ba har ta wuce wajen wata bakwai, ƙashin ƙugunta kan ƙi buɗewa yadda ya kamata, haihuwar fari a wannan shekarun na iya kashe ta. Don haka mata biyu, ko maza biyu da suka tashi tare. Kuma ki sa wanda ya sani ya duba miki, don mai sayarwa duk abin da kika ce kina so shi zai ce miki shi ne.

Amma biyu ɗin dole ne. A Suwizalan tun 2008 doka ta hana ajiye ɓeran masar shi kaɗai. Da na fara jin haka dariya na yi, na ce mutanen da ba su da matsala. Daminar bara Gyaɗa ta mutu. Ba wani dogon ciwo, ta rame a hankali, likita ya ce ƙari ne a cikinta, wata safiya na tashi na same ta a bayan tukunya. Mama ce ta ba ni wuri a gindin ayabarta na binne ta, tana tsaye tana ce min "pele, pele", ita da ta ce suna hana ta barci. Toka ta shiga tukunyar nan ta ƙi fitowa. Dabbar da in ta ji ƙarar leda daga bakin get take fasa ihu, wik wik wik, har maƙwabta su san na dawo, ta yi tsit. Kwana biyu ina ɗura mata niƙaƙƙen ganye da sirinji. A rana ta huɗu na karɓo wata ƙarama daga cikin goma sha ɗayan can, mai su har godiya yake min. Na raba su da waya tukuna suna shinshinar juna, bayan 'yan kwanaki na cire. Da daddare na ji ana taunar ciyawa baki biyu. Sunan ƙaramar Alewa, kuma ba ta da kunya ko kaɗan, a bakin Toka take fizge tattasai.

Ku kuma lura, zomo ba abokin zamansa ba ne, ko da kun gan su keji ɗaya a kasuwa. Zomo na ɗauke da ƙwayar cutar numfashi da shi ba ta dame shi ba amma tana kwantar da ɓeran masar, kuma shuri ɗaya ya isa ya karya shi. Keji kuma ba kwali ba, ba bokiti ba. Biyu na buƙatar wajen da ya kai kamar mita ɗaya da 'yan kai a tsawo, faɗi ya haura rabin mita, ƙasansa a shafe ba waya ba, don waya na kumbura musu tafin ƙafa. Wani kafinta a layinmu ya haɗa min nawa, ina shimfiɗa tsofaffin jaridu da busasshiyar ciyawa, duk kwana biyu in kwashe. In ba ki kwashe ba ɗakinki zai gaya wa duk wanda ya shigo. Ki rufe sama saboda mage da ɓerayen gida, ki kuma sa ido kan kwarkwasa da damina. A ɗakin kwanan ɗalibai na cikin makaranta kuwa kada ma ki fara, ba wurin, kuma ba ke kaɗai ba ce a ɗakin.

Kada wata ta karanta wannan ta ce na hana. Shekarun nan da na yi da su ba zan musanya su ba. Lokacin yajin aikin nan gidanmu ya zama kufai, daga ni sai Mama sai rediyonta, kullum labari ɗaya, an zauna an tashi ba a cimma komai ba. Akwai safiyoyin da ba abin da ke tashe ni daga katifa sai ihun mutum biyu da ba ruwansu da gwamnati, ciyawa suke so yanzu-yanzu. In suka ji daɗi akwai wani tsalle da suke yi, su daka sama su murɗa jiki kamar gugguru a tukunya, ba yadda za a yi ki gani ba ki yi dariya ba. Ba sa cizo sai an matsa musu, ba sa hawa gado, ba sa cin waya in dai suna kejinsu. Toka ta san takuna daban da na kowa a gidan.

Yanzu ga inda nake. Saura min 'yan watanni in kare furojet. Bayan nan bautar ƙasa, sati uku a sansani inda ko tukunyar girki ba a shiga da ita balle keji, sannan shekara guda a jihar da ban sani ba tukuna. Toka ta haura shekara huɗu, ta fara tsufa, ba na jin za ta jure kwana guda cur a mota zuwa Funtuwa, kuma ko ta jure, zafin Afrilu na can na jiranta. Alewa kuwa ko shekara biyu ba ta yi ba, tana iya kaiwa lokacin da ni na yi aure na haihu. Na sake gwada Umma a waya satin da ya wuce, ta ce ita kaji ta sani da tumaki, ɓera kuwa tarko ake ɗana masa. Gwaggo ta ce gidansu maguna uku ne. Wanda ya rage shi ne jikan Mama, yaro ɗan shekara goma sha biyu da tun yana ƙarami yake raka ni yankan ciyawa. Tun watan jiya na fara bar masa su yini guda a sati, ina kallo daga nesa. Ya iya ɗaukarsu da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, ya san albasa ba ta shiga kejin, ya san in gorar ruwa ta toshe. Abin da ya rage shi ne Bodija. Asabar mai zuwa tare za mu je in gabatar da shi wajen Baba, ina ta koya masa gaisuwa da Hausa, har yanzu "ina wuni" yake cewa da sassafe.